JIDDA ƘOFAR MAKKA: ABIN DA ƊAN KASUWA ZAI GANI IN YA WUCE KANTUNA

 Jama'a masu karatu, duk wanda ya saba shiga Babbar Kasuwar Kaduna, wadda yanzu ake kira da sunan marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ya san sunan Jidda ba ya barin bakin masu shaguna. Jallabiya 'yar Jidda, abaya 'yar Jidda, ga turare, ga darduma, ga dabino, ga zinariya. In mai saye ya taya da arha, sai a ce masa, “Albarka, Alhaji, wannan fa daga Jidda aka zo da shi.” Akwai attajirai a kasuwar nan waɗanda suka sauka garin sau goma ko fiye. Amma in ka nemi su ba ka labarinsa, iyakar abin da za ka samu shi ne filin jirgi, da masauki, da layin kantuna na Bab Sharif, da wurin masu awon kaya. Ma'aikatan gwamnati kuwa da ke zuwa aikin Hajji ko Umra, su ma galibi ta tagar mota suke hangen garin, suna hanzarin wucewa Makka.

Mu dai Allah Ya nufe mu da yin kwana uku a Jidda bayan wata Umra, tare da waɗansu abokai uku, dukkansu masu shaguna a Babbar Kasuwa. Daga kantunan da suke sari zuwa tsohon birnin, wanda mutanen garin ke kira Balad, tafiyar 'yan mintoci ce da ƙafa. Abin da muka gani a can shi ya sa muka ɗauki alƙalami, domin muna ganin hasara ce mutum ya tsaya a bakin rijiya shekara da shekaru bai taɓa leƙa cikinta ba.

Mun san akwai mai cewa, me ya haɗa alhaji da yawon buɗe ido? Ɗaya daga cikin abokan tafiyarmu ma haka ya ce mana: “Allah gafarta Malam, mu da muka zo ibada da neman halali, ina mu ina kallon kangaye?” To, gaskiya ne Jidda ba ta cikin wuraren aikin Hajji, kuma babu wani lada na musamman da aka ɗora a kan ziyartarta. Amma Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar da mu a wurare da yawa ga yin tafiya cikin ƙasa domin lura da yadda al'amarin mutanen farko ya ƙare, kuma akwai sura guda da ta ambaci fataucin Ƙuraishawa na lokacin sanyi da na lokacin zafi. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya zaga duniya cikin ƙarni na 14, alƙali ne ɗan mazhabarmu ta Malikiyya, kuma bai ga aibi ba ga tsayawa ya duba kasuwa da ganuwa da abincin mutane. Idan an yi kallo da niyyar ɗaukar darasi, to ya zama karatu.

Kafin mu shiga lungunan garin, ya kyautu a san mafarinsa. A zamanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, tashar jiragen ruwa ta mutanen Makka ita ce Shu'aiba, wadda ke kudu da Jidda, kuma daga nan ne sahabban da suka yi hijirar farko zuwa Habasha suka shiga jirgi. Halifa Usmanu ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, shi ne ya mayar da tashar zuwa Jidda a shekara ta 26 bayan Hijira, watau wajen 647 Miladiyya. Tun daga nan duk mai zuwa Makka ta Bahar Maliya a nan yake sauka, sa'an nan ya kama hanyar da ta kai kimanin kilomita 70, wadda ayarin raƙuma kan yi cikin kwana biyu.

Wurin da aka kafa garin kuwa ba ya da kogi, ba ya da gona, ruwan sama ma sai jefi-jefi. Mutanen da suna tara ruwan sama cikin manyan ramuka da suka gina a ƙarƙashin ƙasa, suna saye da tsada. A farkon ƙarni na 20 aka kawo injin tace ruwan teku wanda suka sa wa suna Kindasa, sa'an nan a 1947 aka jawo musu ruwa daga Wadi Fatima. Ashe ke nan sama da shekara 1,000 garin yana rayuwa da abu biyu kaɗai, watau saukar da baƙin Allah, da dillancin kayan da ke tasowa daga Indiya da Yaman suna wucewa Masar.

Kada kuma a ɗauka tarihin duk zuma ne. Ibn Jubair, malamin Andalus, ya ƙetaro daga Aizab zuwa Jidda a 1183, cikin irin jiragen nan da ake ɗinke katakansu da igiyar ɓawon kwakwa, babu ƙusa ko ɗaya. Ya koka ƙwarai da yadda masu jirage ke cusa alhazai fiye da kima saboda kwaɗayin kuɗi, ya kuma yaba wa Sarki Salahuddin da ya soke harajin da ake tatsar mahajjata. Wanda ya san halin waɗansu dillalan kujerun Hajji na zamaninmu zai ga ciwon tsoho ne.

A 1498 Turawan Fotugal suka kewaye Afirka suka isa Indiya, suka soma kwashe masoro da sauran kayan yaji ta wata hanya, har suka ɗaura niyyar shiga Bahar Maliya. Saboda tsoronsu ne Sarkin Masar Ƙansuh al-Ghuri ya sa aka kewaye Jidda da ganuwa a farkon ƙarni na 16. A 1517 jiragen yaƙin Fotugal suka zo har bakin garin, aka kore su. Cinikin kayan yaji ya yi rauni daga baya, amma attajiran Jidda ba su zauna suna kuka ba, sai suka juya ga gahawar Yaman da tufafin Indiya. Da aka buɗe mashigin Suwais a 1869, jiragen ruwa masu inji suka yawaita, arziki ya sake buɗewa. Yawancin manyan gidajen da ake gani a Balad yau na wannan zamanin ne. Ganuwar kuwa an rushe ta a 1947 domin gari ya faɗaɗa, ƙofofin da ake nuna wa baƙi yanzu, kamar Bab Makka, sake gina su aka yi.

Mun shiga Balad bayan sallar La'asar, zama da rana zafi da gumin teku ba su barin mutum ya sake. Abin da ya fara ɗaukar idonmu shi ne tsawon gidajen, hawa huɗu, hawa biyar, waɗansu ma fiye, ga lunguna matsattsu waɗanda inuwa ba ta rabuwa da su. Da dutsen murjani da ake haƙowa a gaɓar teku aka gina su, kuma tun da yake dutsen ba ya da ƙarfi sosai, sai magina su riƙa shimfiɗa azarar katako tsakanin sahu da sahu domin ta raba nauyi. A fuskar kowane gida akwai manyan tagogin katako da suka turo waje, an sassaƙa su da ƙananan kafofi kamar saƙa, ana kiransu rawashin. Katakon daga ƙasashen gabas irin su Indiya da Jawa aka kawo shi, domin Hijaz ba ta da irin wannan itace. Iska na shiga, rana ba ta shiga, matan gida suna ganin titi, mai wucewa ba ya ganinsu. Mu da muka taso cikin gidajen soro da zaure, nan da nan muka gane hikimar. Kowace al'umma ta nemi sutura da sanyi da abin da ke hannunta, tun kafin a san lantarki.

Daga nan muka ratsa Kasuwar Alawi, inda ƙanshin turaren wuta da na kayan yaji ke tarbar mutum, muka yi sallar Magariba a Masallacin Shafi'i, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan garin, mai farar hasumiya da ta ga ƙarnoni. Da aka sallame sai muka duba sahu, ga Balarabe, ga Ba'indiye, ga mutumin Yaman, ga na Indunusiya, ga baƙar fata irinmu, kuma da yawansu a garin aka haifi kakanninsu. Abincinsu ma haka yake a gauraye: akwai sayadiyya, watau shinkafa da kifi, akwai mutabbaƙ, akwai ful da gurasar tamis. Kowane baƙo ya bar wani abu a tukunyar Jidda.

Shahararren gida a Balad shi ne Gidan Nasif, wanda aka gina tsakanin 1872 da 1881, mai ɗakuna da yawan gaske. Matakalarsa tana da faɗi, hawanta da sauƙi, har ana cewa raƙumi kan hau da kaya zuwa sama. A cikinsa Sarki Abdul'aziz ya sauka da ya karɓi Jidda a ƙarshen 1925. A ƙofar gidan akwai wata tsohuwar itaciya wadda mutanen garin ke alfahari da ita, suna cewa a da ita kaɗai ce itaciya a cikin birnin, har akan yi kwatance da ita. Da abokanmu suka ɗaga kai suka duba ganyenta sai dariya ta kama su, domin dogon yaro ne, irin wanda ke ko'ina a unguwanninmu babu mai kula shi. Amma abin da ya fi itaciyar muhimmanci a wurinmu shi ne mai gidan na baya, Sheikh Muhammad Nasif, wanda ya rasu a 1971. Ɗan gidan attajirai ne, ya tara dubban littattafai, ya buɗe ƙofarsa ga malamai da ɗalibai daga kowace ƙasa, ya kashe dukiyarsa wajen buga littattafan ilmi. Bayan rasuwarsa littattafan suka koma jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke garin.

Ba shi kaɗai ba ne. A 1905 wani attajiri mai fataucin lu'ulu'u, Muhammad Ali Zainal, ya kafa makarantar Falah a Jidda daga aljihunsa, lokacin da makarantun zamani ba su da yawa a Hijaz, daga baya ya buɗe wata a Makka. Manyan malamai da ma'aikata da yawa na ƙasar daga nan suka fito. Akwai kuma gidajen wakafi da ake kira ribaɗ, waɗanda masu hali suka gina domin gwauraye mata da tsofaffi da baƙin da guzuri ya ƙare musu. Yau babu wanda zai iya gaya maka buhu nawa na gahawa ko zaren lu'ulu'u nawa waɗannan mutane suka sayar. Amma makaranta da littattafai da wakafi sun riƙe sunayensu.

Akwai wuri ɗaya da ya kamata mu ja kunnen baƙo a kansa, watau maƙabartar da ake dangantawa ga Nana Hawwa'u. Mutane kan ce wai daga kalmar jadda, ma'ana kaka, sunan garin ya samo asali. Malaman lugga kuwa da yawa sun ce asalin sunan Judda ne, watau gaɓar ruwa. Babu wani ingantaccen nassi da ya tabbatar da cewa a nan aka binne ta. An rushe ginin da ke kan kabarin cikin shekarun 1920, aka kuma rufe wurin da kankare a 1975. Saboda haka in wani ɗan jagora ya nemi kuɗinka domin ya kai ka neman tabarraki, ka riƙe abinka.

To, mu Hausawa ina namu rabon a wannan tarihi? Kakanmu na wajen uba yana cikin waɗanda suka tafi Hajji ta ƙasa kafin zuwan jirgin sama, ya kuma yi shekara bakwai kafin ya komo. Hanyar sananniya ce: daga Kano zuwa Maiduguri, a ƙetara ƙasar Cadi ta Abeshe, a shiga Darfur, a wuce Fashir da Ubayyid, a isa Hartum. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi ƙodago, musamman a gonakin auduga na Jazira da aka buɗe a 1925. Daga nan sai Sawakin, a bakin Bahar Maliya, inda ake tsare alhazai a duba lafiyarsu kafin su shiga jirgi zuwa Jidda. Da yawa sun rasu a hanya, waɗansu azzalumai suka sace su suka sayar, tun da ba a haramta bauta a Sa'udiyya ba sai 1962. Waɗansu kuwa suka zauna Sudan, kamar jama'ar Mai Wurno, waɗanda suka yi hijira bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Waɗanda suka iso Jidda ba su shiga gidajen rawashin ba. Bukkoki suka kafa a bayan ganuwa, suna dako, suna sayar da ruwa, ana kiransu Takari.

A bakin Masallacin Shafi'i muka gamu da wani dattijo, jikan irin waɗannan bayin Allah. Ya ji muna Hausa, ya yi mana sallama da wata irin Hausa ta da, mai gauraye da Larabci. Muka ce, “Baba, daga wane gari?” Ya ce, “Ɗana, a nan aka yanke mini cibiya, amma kakana mutumin Katsina ne, da ƙafarsa ya zo.” Ya nuna dogayen gidajen da sandarsa, ya ce, “Ruwan da aka sha a saman nan, a kafaɗar iyayenmu ya hau.” Unguwar da ya girma a cikinta babu ita yanzu. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukuma ta rushe unguwanni da dama na talakawa a Jidda, irin su Sabil da Kandara da Karantina, inda mutanenmu suka daɗe da zama. Tsohon birni na attajirai ya sami gata, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, ana ta gyaran gidajensa. Na 'yan dako kuwa, in mu jikokinsu ba mu riƙe labarinsu ba, babu allon da za a kafa musu.

Mu koma ga Sawakin, domin ita ce madubin Jidda. Ita ma da murjani aka gina ta, da rawashin ɗinta da attajiranta. Amma mashigarta matsattsa ce, manyan jirage ba su iya shiga, sai Turawan Ingila suka kafa sabuwar tasha a Fot Sudan, aka buɗe ta a 1909. Cikin 'yan shekaru 'yan kasuwa suka kwashe, gidajen suka rasa mai yaɓe, gishirin teku ya cinye su, yawancinsu suka zube. Balad ma ta kusa bin sahu, domin da arzikin man fetur ya zo, masu gidajen suka koma sababbin unguwanni, gobara da rushewa suka ci da yawa, kafin a farga a soma ceto cikin shekarun 1970.

Wannan fa ba labarin nesa ba ne ga mutumin Kaduna. Garinmu ba ya da teku, amma hanya ce ta haife shi. Jirgin ƙasa ne ya ba shi daraja, har aka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru aka kawo nan a 1917, Zungeru ta zama abin da ta zama. A 1957 aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, waɗansu suka biyo baya, dubban ma'aikata suna karɓar albashi suna kawowa Babbar Kasuwa. Cikin shekarun 2000 masaƙun suka yi ta rufewa, kuma babu mai shago da bai ji a jikinsa ba. A 2018 aka buɗe tashar kaya ta kan tudu a wannan Kakuri ɗin, da fatan a farfaɗo. Hanyar ciniki ba ta da amana, yau tana gabanka, gobe ta koma bayan wani. Kayan da muke kira 'yan Jidda ma da yawansu a Sin da Indiya aka yi su, kuma matasan kasuwa sun riga sun gane hanyar Dubai da Gwanzu.

Saboda haka muna da shawara uku ga 'yan'uwa fatake da ma'aikata. Ta farko, wanda Allah Ya kai shi Jidda, kuma takardar izininsa ta ba shi dama, ya ware yammaci guda, daga La'asar zuwa Isha'i, ya shiga Balad da ƙafa. In yana so ya ƙarasa bakin teku ya ga maɓuɓɓugar Sarki Fahad da aka buɗe a 1985, mai cilla ruwa sama da mita 250, babu laifi, amma ya fara da tsohon gari. Ya kiyaye dokar ƙasar mutane, kada ya ɗauki hoton iyalin kowa, kada kuma kallo ya sa shi jinkirta salla.

Ta biyu, in ya komo ya duba na gida. Mutum nawa ne cikin masu shaguna suka taɓa shiga Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mai da cibiyar ajiye tarihi a 1970, alhali yana nan cikin gari? Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, da badalar da ake ta cinyewa ana gina shaguna, su wa muke jira su zo su gaya mana darajarsu? In kuwa akwai tsoho a gidanku da ya san labarin wanda ya tafi Makka ta ƙasa, a zauna da shi a rubuta tun yana da rai.

Ta uku ita ce babba. Duk wanda Allah Ya buɗa wa, ya tambayi kansa abin da zai rage da sunansa ranar da hanya ta kauce. Zainal ya bar makaranta, Nasif ya bar littattafai, waɗansu da ba a san sunansu ba sun bar ɗakunan da gwauruwa ke kwana a ciki. Babbar Kasuwar Kaduna ba ta rasa masu ƙarfin yin irin wannan ba, ko ɗaiɗai ko a ƙungiyance: aji biyu na karatu ga yaran shago, rijiyar burtsatse, ɗakin littattafai a jikin masallaci, wakafi domin marayun abokan ciniki. An ce abin da ka shuka shi za ka girba, kuma ba a shuka sai da damina.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka taka ƙasa suka ƙetare teku domin amsa kiransa, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya ba mu idon lura da abin da muke wucewa. Amin.